Tambayi Mai Gyara: Ina tsakiyar montaj sai program ya rufe kansa

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru da yawa, amma guda huɗu na ware don duk ciwonsu iri ɗaya ne ko da yake masu su ba su san juna ba. Na mutumin garin Tawa shi zai ci mafi yawan fili, sauran ku yi haƙuri ku karanta amsarsa tukun don rabin taku tana ciki.

TAMBAYA

Salamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya kai da iyali. Ni daga Tawa nike, ina da ɗan situdiyo inda muke hoto da bidiyon biki. Portabul ɗina okaziyo ce na saye ta bara, tana da ƙarhi ba laihi, to amma tun da na sa sabon program na montaj abin ya lalace, ina cikin aiki sai ekaran ya yi baƙi kamar daƙiƙa biyu ya dawo, sai in iske program ɗin ya ruhe kanshi, wani lokaci ma wajen hidda bidiyon ne ya kai rabi ya tsaya. Sau biyu na kai ta wurin mai gyara yana formate ta, jika biyar biyar, kuma abin na nan. Yanzu bikin mutane ukku ke hannuna, uwar amarya ɗaya har ta zo da kanta. Shin birus ne ko in saida mashin ɗin? Don Allah a taimaka.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka saida ta, kuma don Allah kar ka sake kai ta a formate ta karo na uku, wannan jika goman da ka kashe ta isa. Abin da ka kwatanta, baƙin ekaran na ɗan lokaci sannan ya dawo program ya mutu, kusan kullum pilot ɗin kart grafik ne, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya suke ce wa direba. Birus ba haka yake aiki ba.

Bari in yi maka bayani yadda za ka gane. Cikin mashin akwai ɓangaren da aikinsa zana hoto ne kawai, shi ne kart grafik, kuma kamfanoni uku ne suka mamaye yin sa, NVIDIA da AMD da Intel. Program ɗinka na montaj ba ya magana da kart ɗin kai tsaye, sai ta bakin pilot. Ni ban ma san dalilin da ya sa aka kira shi pilot ba don ba tuƙi yake ba, tafinta ne. To ka ɗauko sabon program na bana mai sabbin kalmomi ka haɗa shi da tafintan da tun shekara shida ko bakwai bai ƙara koyon komai ba, program ya ce a gaya wa kart ya yi kaza, tafinta ya tsaya yana zare ido. Shi kuma Windows tun daga Vista yana da wata doka, in kart ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba sai ya kashe pilot ɗin ya sake tada shi don kar mashin gaba ɗaya ta sandare. Wannan kashewa da tadawa ita ce baƙin da kake gani. Windows ya tsira, amma program ɗin da ke riƙe da aikinka a cikin kart ɗin shi ba ya tsira, sai ya faɗi da aikin awa biyu in ba ka ajiye ba.

Me ya sa formate bai yi magani ba? Don da yawa daga masu gyara kofi ɗaya na Windows suke yawo da shi a kle, shi suke zuba wa kowace mashin, da tsohon pilot ɗinsa a ciki ko ma babu pilot sam. Wato an share gida tas an sake dawo da tafintan jiya. Ba zaginsu nake ba, ni ma sana'ata ce, amma formate ya zama mana kamar parasetamol, ciwon kai shi, ciwon ciki shi.

Yanzu ga abin da za ka yi, kuma kafin ka sauke komai ka fara kama mai laifi da sunansa. Danna maɓallin Windows tare da R, wani ɗan akwati zai fito a ƙasa, ka rubuta perfmon /rel ka danna OK. Na zaɓi ba ka irin waɗannan kalmomin ne don suna aiki ko Windows ɗinka na Faransanci ne ko na Turancin Ingilishi ko ma na Jamusanci, tunda okaziyo ba a san inda ta fito ba. Za ka ga jadawalin kwanaki, duk ranar da wani abu ya faɗi akwai jan da'ira mai alamar kuros. Danna ranar da program ya rufe, ka buɗe cikakken bayani, ka nemi layin da aka rubuta Nom du module défaillant. Sunan da ke gabansa shi ne wanda ya faɗi a zahiri. In ya fara da nv, kamar nvoglv64.dll ko nvwgf2umx.dll, na NVIDIA ne. In ya fara da ati ko amd, kamar atio6axx.dll, na AMD ne, wannan ati ɗin sunan tsohon kamfanin da AMD ta saye a 2006 ne ya liƙe har yau. In ya fara da ig to Intel. Duk wanda ka gani cikin ukun nan magana ta ƙare, pilot ne. In kuma mashin tana kai wa ga shuɗin ekaran, ka ɗauki hotonsa da talho kafin ya ɓace, VIDEO_TDR_FAILURE da nvlddmkm.sys ko atikmpag.sys ko igdkmd64.sys duk labari ɗaya suke bayarwa.

Na biyu ka san wane kart ke gare ka da shekarun pilot ɗinsa. Windows da R kuma, ka rubuta dxdiag, ka shiga shafin Affichage, a hagu sunan kart a dama lambar pilot da ranar da aka yi shi. In ranar ta girmi program ɗinka da shekaru, ka ga inda gizo ke saƙa. Sannan ka lura, portabul masu ƙarfi irin na montaj galibi kart biyu gare su, ƙaramin na Intel don aikin yau da kullum da babban na NVIDIA ko AMD don aiki mai nauyi, kuma hoton da babban ya zana ta hannun ƙaramin yake bi ya fito ekaran. Mutane sai su sabunta babban su manta da ƙaramin, abin ya ci gaba da faɗuwa su ce ai na yi mizajur bai yi ba. Duka biyun za ka yi.

Akwai wani abu da nake yawan gani a mashinan da aka formate. Ka rubuta devmgmt.msc, ka buɗe Cartes graphiques, in ka ga an rubuta Carte vidéo de base Microsoft maimakon sunan kart ɗinka, to ba tsohon pilot gare ka ba, babu shi ne kwata kwata, Windows ne ya sa maka na wucin gadi don dai ka ga hoto. Ranarsa ma za ka ga 21/06/2006, kar ta ruɗe ka, Microsoft da gangan take sa wa nata pilot wannan tsohuwar rana don duk lokacin da na kamfani ya zo ya hau kansa. In haka ne ba za ka ga sunan kart ba, sai ka danna dama a kansa, Propriétés, Détails, ka zaɓi Numéros d'identification du matériel. VEN_10DE NVIDIA ne, VEN_1002 AMD, VEN_8086 Intel, lambar da ke bayan DEV kuma ka rubuta ta a Google za ta ba ka ainihin sunan kart ɗin.

A nan wurin akwai tarko. Za ka ga Mettre à jour le pilote, ka danna, ya ce maka mafi kyawun pilot ya riga ya hau. Kar ka yarda da shi. A Windows 10 na baya-bayan nan da 11 cikin mashin kawai yake leƙawa, abin da ya tarar shi ne mafi kyau a wurinsa. Haka kuma waɗannan manhajoji da ke cewa da danna ɗaya za su sabunta maka pilot arba'in, ka nisance su, na sha cire tarkacen talla da suke shigowa da shi, kuma sau da yawa pilot ɗin wata mashin suke ɗora maka.

Inda za ka je shi ne shafin kamfanin da ya ƙera portabul ɗin, HP ko Dell ko Lenovo ko wanene, ka juya ta ka karanta lambar seri a ƙasa ka sa a shafinsu, ka ɗauko na Intel daga can tukun don wasu mashinan ba sa karɓar na kowa da kowa. In nasu ya tsufa ƙwarai sai ka gwada shafin Intel. Na NVIDIA ko AMD kuwa kai tsaye shafinsu, ka zaɓi sunan kart daidai harafi da harafi, na portabul daban yake da na tebur. In NVIDIA ne kuma kart ɗinka yana cikin waɗanda ake yi wa, za ka ga iri biyu, Game Ready da Studio, kai Studio za ka ɗauka don shi aka gwada da manhajojin montaj, ɗayan na 'yan wasa ne. Ka shirya forfe don abin yana iya haura mega 600, in rezo na wahala ka bari sai dare ko ka tafi sibar ka telesharje ka zuba a kle, kuma ka ajiye kofin kar ka goge.

Wajen sawa, jona mashin da kuran kuma ka tabbata batir ya cika, in batir ɗin ya mutu ka nemi ondulo ko ka jira lokacin da ka san wuta ta zauna, don ɗaukewarta a tsakiyar wannan aiki na iya barinka da baƙin ekaran. Ka rufe duk program. A na NVIDIA kar ka bi hanyar gaggawa, ka zaɓi Personnalisée ka sa alama a akwatin da ke cewa a yi sabuwar sawa daga tushe, shi zai share saitin tsohon. Ekaran zai yi ta ƙiftawa yana baƙi yana dawowa, ka ƙyale shi, kar ka taɓa. Ya gama ka redemare ko da bai ce ka yi ba. In bayan haka har yanzu yana faɗuwa to ragowar tsohon ne ya maƙale, akwai wata 'yar manhaja kyauta mai suna DDU, ana tada Windows a mode sans échec, wato ya tashi da abin da ya zama dole kaɗai, a gudanar da ita ta kwashe komai, amma ka katse intanet kafin nan, in ba haka ba kana redemare Windows zai riga ka ya sa nasa.

To uwar amarya fa, ita ba ruwanta da pilot. In aikin na gaggawa ne yau ɗin nan, ka shiga saitin program ɗin ka hana shi amfani da kart grafik. A Photoshop yana cikin Préférences, Performances, ka cire alamar Utiliser le processeur graphique. A Premiere Pro cikin saitin proje ne, wurin Mercury Playback Engine, in naka yana da zaɓin lojisiyel kaɗai ka koma kansa. Fitar da bidiyon zai yi nawa sosai, ka sa shi da dare ka kwanta, amma zai kai ƙarshe. Kuma ka rage tazarar ajiyewa ta kai da kai zuwa minti biyar.

TAMBAYA

Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce a nan Yamai, Harobanda nake zaune, ina son koyon zane na 3D sai na sa Blender amma ko buɗewa ba ya yi, wani saƙo yake fitowa mai maganar OpenGL ya rufe. Na duba kamar yadda wani ɗan ajinmu ya nuna mini, Intel HD Graphics 3000 aka rubuta, Windows 10 ne. Na nemi sabon pilot har na gaji.

AMSA

Ƙanwata lafiya lau, kuma kin kyauta da kika turo sunan kart, kin rage mini aiki. Sai dai amsar ba mai daɗi ba ce, ki daina nema, babu shi. HD 3000 na cikin Core i3 da i5 da i7 na ƙarni na biyu ne, na 2011, kuma Intel ba ta fitar masa da pilot na Windows 10 a hukumance ba, wanda ke kan mashin ɗinki tsoho ne da aka lallaɓa yake aiki. OpenGL yare ne da program ke ba kart umarnin zane da shi, kuma a Windows iyakar kart ɗinki OpenGL 3.1, shi kuwa Blender tun daga 2.80 da ya fito a 2019 yana neman 3.3, na 4.0 ma 4.3 yake nema. Nan ba tafinta ne ya tsufa ba kawai, shi kansa mai gidan ne ba ya jin yaren, ko wa ya ce zai sa miki pilot ɗin da zai gyara wannan kuɗinki yake so.

Abin da zai yi miki shi ne Blender 2.79b, yana nan kyauta a ma'ajiyar tsofaffin fitowa ta shafinsu, kuma yana tashi a irin mashin ɗinki. Fuskarsa ta bambanta da ta bidiyoyin koyarwa na yanzu, don haka ki nemi darussan da aka yi da 2.79, suna da yawa. Sassaƙa siffa da haske da kyamara duk za ki koya a kansa, hannunki ya faɗa kafin Allah ya hore wata mashin. Ranar da za ki saya kuma, a Katako ne ko a shago, kar ki tsaya kan i5 ko i7 da aka liƙa a jiki, i7 na 2011 yana nan i7 na 2020 yana nan, ki ce a kunna miki ki rubuta dxdiag da hannunki.

TAMBAYA

Babban yaya ni nawa ya bambanta. Ina da wurin wasan yara, mashin huɗu na tebur. Ɗaya lafiya take sai na yi mata mizajur na pilot, tun ranar wasan ƙwallo ke fita da kansa. Wata kuma na sayo mata kart GT 730 sabon pilot ya ƙi hawa sam.

AMSA

Ƙanena ka taɓa abin da ke zaune lafiya. Sabo ba kullum ya fi ba, wanda ya dace shi ake nema, in mashin na aiki kuma ba sabon wasa ka sa ba ka bar ta. Gyaran mai sauƙi ne, devmgmt.msc, danna dama kan kart, Propriétés, shafin Pilote, Restaurer le pilote, zai mayar da na da. In maɓallin ya yi fari ba ya dannuwa to tsohon ya tafi, sai ka duba lambar pilot ɗin da ke kan sauran mashinan da ke aiki ka nemo irinsa a shafin kamfani, suna ajiye tsofaffi.

Ta biyun kuwa, GT 730 suna ɗaya ne amma ba ciki ɗaya ba. Akwai mai tsohon gini da ake kira Fermi akwai mai Kepler. NVIDIA ta daina yi wa Fermi pilot a 2018, na ƙarshensa 391.35, shi kuma Kepler ya tsaya a jerin 470 da 'yan kai. Ka sa GPU-Z, kyauta ce kuma ƙarama, ka duba layin GPU, in ya fara da GF ka ɗauko 391.35, in GK ne ka ɗauko na jerin 470 ɗin. GPU-Z ɗin za ta yi maka wani amfani, akwai kart na jabu da ke yawo, tsohon GTS 450 ne ake sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti a kwali mai ƙyalli da araha, yana nuna hoto lafiya amma wasa na neman ƙwaƙwalwar da aka yi ƙaryar yana da ita sai ya faɗi, kuma tsohon pilot kaɗai yake karɓa, irin na faifan da ke cikin kwalin. Da yawansu manhajar tana rubuta FAKE a gaban sunan.

TAMBAYA

Malam ni sakatariya ce a wani ofis. Tawa mashin da safe ba ta da matsala, amma daga azahar sai hoto ya fara yin layi layi da ɗigo masu launi, sannan komai ya tsaya. An sa sabon pilot sau biyu.

AMSA

Hajiya ranki ya daɗe, pilot bai san agogo ba, in shi ne da safe ma zai yi. Abin da ke jiran azahar a garin da Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 zafi ne. Ƙurar hunturu ta toshe mafitar iska, man da ke tsakanin kart da ƙarfen sanyaya shi ya bushe. Ki sa HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin mashin, ki duba da safe ki sake dubawa ƙarfe biyu, in kin ga zafin yana kai wa digiri 90 ko fiye to shi ne. A kai wa mai gyara ya buɗe ya hure ƙurar ya sauya man, ki ce masa pat termik, kuma ya riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa kar iska ta juya ta fiye da kima. Sai dai layin nan da ɗigon suna ɗan tayar mini da hankali. Gobe in ta fara, ki redemare ki kalli tambarin kamfani da ke fitowa kafin Windows ya tashi, a lokacin pilot bai hau ba tukun, in layin na nan a kan tambarin to kart ɗin ne da kansa ya fara tafiya, ki kwashe takardun ofis zuwa kle tun kafin a kai ta gyara. Kafin nan ki ɗaga bayanta da murfin kwalba biyu iska ta riƙa shiga ta ƙasa, ki kuma cire wannan kyallen da ake shimfiɗa mata a kan tebur.